Za a Buɗe Makaranta, Amma Su Wa Za Su Dawo?

Gwamnatin Kano ta sa ranar Litinin 12 ga Oktoban 2020 a koma makaranta. Tun 23 ga Maris aka sallami yara saboda korona, aka ce hutun kwana 30 ne, sai ga shi mun doshi wata bakwai. A tsakanin nan an yi azumi, an yi ƙaramar sallah da babba, an yi shuka da noma da maimai, har gero ya shiga rumbu, ƙofar ajina tana garƙame. Ni malamin aji 4 ne a wata firamaren gwamnati a kudancin Kano, cikin ƙauyukan da ke noman shinkafa da tumatir da ruwan madatsar Tiga. 'Ya'yana ma a makarantar suke, saboda haka da bakin malami da na uba zan yi magana.

Ina son a buɗe. Da da ni ake shawara, da an buɗe tun watan Agusta, lokacin da aka bar 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma don rubuta WAEC, wadda aka fara ranar 17 ga watan. Amma akwai abubuwan da ke damun mu a nan waɗanda ban ji ana tattauna su a rediyo ba, kuma tsoron cutar ba shi ne kan gaba ba.

Ba wai ina raina ta ba ne. Har yanzu a majalisar ƙofar masallaci akwai masu cewa korona cutar masu hawa jirgin sama ce, ko kuma wata hanyar cin kuɗi. Ba na cikinsu. Duk wanda yake da dangi a cikin birni ya san abin da ya faru a watan Afrilu, gab da azumi da kuma cikinsa, lokacin da aka yi ta binne dattawa kusan kullum, malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya nuna mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomin cikin birni a wannan ɗan tsakani, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da nasaba da cutar. Likitoci sun ce yara ba su cika jigata da ita ba, tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga ta fi kayarwa. To a gidanmu ƙananan yara a ɗakin mahaifiyata suke kwana, kuma ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Haka yake a kusan kowane gida a garin nan, jika a ɗakin kaka yake tashi. In yaro ya ɗebo abu a aji, shi zai yi 'yar mura ya warke, tsohuwa ce za ta kwanta. Abokin aikina da ya rage masa shekara biyu ya ajiye aiki, mai fama da suga, ya ce da ni a hankali, "Malam, ni fa ba yaran nake ji wa ba." Ban ga laifinsa ba.

Ranar Laraba hedimasta ya kira taron iyaye a gindin darbejiyar da ke bakin ofishinsa. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, mata suka shimfiɗa tabarminsu can gefe. Da aka gama karanta sanarwa, wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Kasuwa tana ci. Ranar Juma'a masallaci har waje. Makon jiya aka yi biki a unguwar nan har da makaɗa. Motar haya mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Yaran nan kullum suna tare a bakin rijiya da gona, da dare kuma suna gaban alaramma a gindin wuta ɗaya. To ita cutar nan makarantar boko kaɗai ta sani?"

Aka yi dariya, amma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Tun watan Yuli aka ɗage dokar kulle, aka buɗe hanyoyi tsakanin jihohi, kowa ya koma harkarsa. Abin da na iya ce masa shi ne, Baba, bambancin guda ɗaya ne: kasuwa da gona a fili suke, iska tana kaɗawa, shi kuwa aji ɗaki ne, mutane a cushe, suna shaƙar numfashin juna tun safe har azahar. Cutar ta numfashi ce, tari da atishawa da magana kusa da kusa ke yaɗa ta, kuma ta fi samun gindin zama inda iska ba ta ratsawa. Tagogin ajina biyu ma an buga musu kwano da ƙusa tun da iska ta ɓalle marafansu, don kada awaki su shiga.

A watan Yuli Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin buɗe makarantu, na karanta su a wayar wani ƙanena. Babu abin banza a ciki: a ba da tazarar mita 2, a sa takunkumi, a tanadi ruwa da sabulu, a auna zafin jikin kowa a bakin ƙofa, a ware wurin ajiye yaron da ya nuna alamar rashin lafiya. Sai na ɗauki igiyar awon gona na tafi ajina. Faɗinsa kamar mita 7, tsawonsa 8 da ɗoriya. In aka cire wurin allo da inda malami zai tsaya, aka ba kowa mita 2 ta kowane gefe, layi huɗu ne na mutum hurhuɗu, yara 16 ke nan. Sunayen da ke cikin rajistata sun haura 100. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole a Satumbar 2019 yara suka ƙaru sosai, abin farin ciki ne, amma ɗakunan namu suna nan yadda suke. Rabin yaran a ƙasa suke zama, gwiwa na gugar gwiwa, littafi a kan cinya.

Takardar ta kawo mafita, ba zan zalunce ta ba. Ta ce ana iya raba yara, wasu yau wasu gobe, ko wasu da safe wasu da yamma, ko a fita da aji waje. Na yamma dai ba zai yiwu a nan ba, don lokacin Islamiyya ne, kuma babu uban da zai yarda a taɓa shi, ni ma ba zan yarda ba. Fita waje kuwa mun saba, dama aji 1 a inuwa suke karatu tun da rufin ɗakinsu ya yaye. Damina ta kusa ɗaukewa, saboda haka daga nan zuwa shigowar hunturu inuwa za ta yi mana rana. Bayan nan, in iska da ƙura suka taso, yaro marar rigar sanyi ba zai zauna a fili da sassafe ba.

Sannan wa zai koyar da ajin da aka raba? Matasan N-Power, shirin Gwamnatin Tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, da suke taimaka mana an sallame su a watannin Yuni da Yuli, rukuni na farko da na biyu duka. Su ne suke riƙe mana da lissafi da Turanci a manyan azuzuwa. Ɗaya yanzu yana sayar da katin waya, ɗaya ya tafi birni yana tuƙa adaidaita sahu. Mun rage mu kaɗan, da wani ɗan sa-kai da iyaye ke haɗa masa abin sabulu a ƙarshen wata, shi ma tun Maris bai ga ko sisi ba.

Maganar na'urar auna zafi kuwa dariya take ba ni. Ko an kawo ta, a wane wata za a fara aiki da ita? Oktoba, ƙarshen damina, a garin da gonakin shinkafa suka kewaye, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. In aka ce duk mai zafin jiki ya koma gida, kullum sai an kori wasu, kuma cikin goma da wuya a samu ɗaya da ba maleriya ke damunsa ba. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ba ni da hanyar bambancewa. Abin da na roƙi iyaye shi ne, yaron da ya tashi da zazzaɓi ko tari a bar shi a gida, a kai shi asibitin shan magani a yi masa gwajin maleriya, kada a ce ya daure ya tafi.

Ruwa shi ne babbar magana. Tuƙa-tuƙar makarantar ta lalace tun kafin a rufe, mun rubuta takarda, an ce ana tafe, har yau shiru. Da can abin da muke yi, yara biyu ke ɗebo ruwa daga rijiyar masallaci su cika randar da ke bayan ƙofa. Randa ɗaya, moɗa ɗaya. Lokacin tara, wannan ya kafa kai ya sha, ya miƙa wa na bayansa, shi ma ya sha, a mayar da ita cikin randar da hannun da aka ci rogo da ƙuli da shi. Da wannan moɗar aji guda yake shan ruwa, kuma ni ma da ita nake sha. Ana maganar wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, a makarantar da masai ɗaya ya rufta, ɗayan kuma ba ƙofa, yara a bayan katanga suke biyan buƙata. Korona ma a ajiye ta gefe, amai da gudawa da taifot ta nan suke shigowa, kuma su mun san su, mun binne yara saboda su. Liman da ya ji wannan sai ya girgiza kai ya ce, "Wata bakwai muna zaune, sai yanzu? Ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Takunkumi ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Telan garin ya ce zai ɗinka na atamfa da arha. Manya za su iya. 'Yan aji 1 da 2 kuwa kafin a tashi sun yi musaya, wannan ya ce na wancan ya fi kyau.

Wata mata daga cikin tabarma ta aiko a tambaya ko gaskiya ne allura za a yi wa yara in sun dawo. Wannan jita-jita ta zaga gidaje. Wanda ya san tarihin Kano ba zai yi mamaki ba, mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a 1996 ba, kuma kowa ya san yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, da irin wahalar da aka sha kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar. Hedimasta ya amsa mata cewa har yanzu babu allurar rigakafin korona da aka fara yi wa jama'a a ƙasar nan, kuma babu wanda zai taɓa ɗan kowa ba da sanin iyayensa ba. Na ga ta gyaɗa kai, amma irin wannan magana sai an maimaita ta a zaure da tsakar gida, ba a taro ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Duk lissafin igiyar da na yi, na yi shi ne a kan cewa yaran da ke rajista za su dawo. Ba na jin za su dawo duka.

An yi ta darussa a rediyo lokacin kulle, kuma waɗanda suka shirya su sun yi ƙoƙari. Amma rediyon gida na maigida ne, yana rataye a kafaɗarsa a gona, batir kuma kuɗi ne. Lokacin da ake darasin, yaro yana bayan shanun huɗa ko yana kiwo. Na tara 'yata da yaran maƙwabta a zaure na rubuta musu jimloli a allo don in ga inda suke. Yarinyar da a watan Maris take karanta labari shafi guda ba tsayawa, yanzu sai ta ɗora yatsa tana haɗa baƙi da wasali. Jadawalin sau bakwai ya gudu gaba ɗaya. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, abin da yaro ya taɓa iyawa yana dawowa in an bi shi a hankali, muddin ba a matsa mana mu yi tsalle mu kamo manhaja ba. Wanda ba ya dawowa shi ne yaron da ya bar makaranta a zuciyarsa.

Samarin aji 5 da 6 sun ɗanɗana kuɗi. Kaka ce, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, shinkafa ta fara nuna ana neman masu korar tsuntsu, nan gaba kaɗan a shiga yanka da bugu, daga nan kuma dashen tumatir na rani. Yaro ɗan shekara 12 yana yin ƙwadago ya dawo da kuɗin da zai sayi takalmi da kansa, har ya ba uwarsa na cefane. A shekarar da masara ta yi tsadar da ba a saba gani ba, aka kuma ƙara kuɗin fetur a watan Satumba, wane uba ne zai ce masa ajiye wannan ka tafi ka zauna a ƙasa a ajin da ba malami? Wani uba ya ce da ni, "Malam, a bar mini shi sai an gama kaka." Na san wannan magana. Bayan kaka sai rani, bayan rani sai shuka.

Na 'yan mata ya fi ciwo, don shi ba a warware shi. Jiya da la'asar na je gidan su wata yarinya 'yar aji 6 da na koyar a aji 4, wadda a lissafi babu namijin da ke kamo ta. Na yi sallama a zaure, mahaifinta ba ya nan, uwar ta zo bayan labule muka gaisa. Daga inda nake ina hango yarinyar a tsakar gida gaban tukunyar turara shinkafa, tana juya ta da babban ludayi, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Da ta gan ni ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Malam," ta koma bakin aikinta ba ta ƙara ɗago kai ba.

Na ce, "Inna, Litinin za a koma fa."

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Malam, ai an karɓi kuɗin gaisuwarta tun bayan babbar sallah. An sa rana bayan kaka. Mun jira, mun jira, ba wanda ya san ranar buɗewa. Yarinya ta girma tana yawon talla, ka san halin zamani. Da makaranta na nan da babanta bai yi saurin amsawa ba."

Ban yi mata wa'azi ba, don ba mugunta ce ta sa su ba. A wurin iyaye da yawa makaranta ita ce hujjar da suke ba mai neman aure, a ce masa bari ta gama firamare, bari ta gama ƙaramar sakandare. Da aka rufe, hujjar ta faɗi. Abin da na roƙa kawai shi ne a bar ta ta zo har ta rubuta jarrabawar fita, kuma a sa maganar ci gaba da karatu cikin sharaɗi tun kafin a ɗaura. Ta ce za ta gaya wa babanta. Ba ita kaɗai ba ce, mun ji labarin wasu a unguwannin da ke kewaye. An ga irin wannan a Saliyo lokacin Ebola, inda makarantu suka yi wajen wata tara a rufe kafin a buɗe a Afrilun 2015, 'yan mata da yawa ba su koma ba saboda ciki ko aure. Dama UNICEF tana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, tun kafin a san da wata korona.

Akwai kuma waɗanda suka ƙaru. Lokacin da gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu a watannin Afrilu da Mayu, mu ma an dawo mana da namu. Wasu sun riga sun sulale sun koma wurin malamansu, wasu suna nan. Yaro ne ɗan shekara 11, ya yi nisa a Alƙur'ani, kansa a buɗe yake, amma bai taɓa riƙe fensir ba. In ka sa shi aji 1 cikin 'yan shekara 6, kwana biyu zai yi ya gudu don kunya. In ka sa shi aji 4, ba ya gane komai. Ni a ganina a ware musu inuwa guda da malami guda na wata uku, a koya musu baƙaƙen boko da ƙirga, sannan a rarraba su. Wanda ya iya haddace shafi a allo ba zai daɗe a kan abacada ba. Sai dai malamin da za a ware ɗin ne babu.

Tambayar da mata suka fi yi ita ce ko za a dawo da abinci. Shirin ciyarwa na Gwamnatin Tarayya, wanda a 2020 ake ba 'yan aji 1 zuwa 3 a kan naira 70 kowane yaro, duk ƙanƙantarsa shi ne yake cika mana ƙananan azuzuwa. Ranar da masu dafawa suka zo da kuloli, har wanda ba ya cikin rajista sai ya bayyana da kwanonsa. Ba mu da amsar da za mu ba su, hedimasta ya ce in ya ji wani abu zai sanar a masallaci.

Kafin a watse mun tsayar da abin da yake hannunmu. Ba za a kori kowa saboda kayan makaranta ba, don yawancinsu sun yi wa yara kaɗan, wanda ya zo da kayan gida a karɓe shi. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa, randa ta zama ta wanke hannu. Za a rataya jarkoki a jikin itace a huda su, a ɗaura igiya da sandar da ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo, yadda wani ma'aikacin lafiya ya taɓa nuna mana, in sabulu ya ƙare a sa toka. Za a ɓalle kwanon da ke tagogi. Malami mai suga zai ɗauki ajin waje. Mai unguwa da liman da ni za mu bi gida gida da rajista a hannu, mu fara da 'yan matan aji 5 da 6, liman kuma ya yi alkawarin zai taɓo maganar a huɗubar Juma'a.

Ranar Asabar akwai aikin gayya, don ciyawa ta kai ƙugu a filin makaranta, kuma mai gadi ya ce ya kashe maciji a aji 3. Kowa ya zo da lauje ko fartanya bayan sallar asuba. Kuɗin gyaran tuƙa-tuƙa ne aka tashi ba a daidaita ba: wasu sun ce a yi karo-karo kowane gida ya ba da kwanon shinkafa in an yi bugu, wasu sun ce ba aikin talaka ba ne, a sake rubuta takarda. Makanikin da ya duba ta ya ce roba ce da bututu biyu suka mutu, kuma in aka ba shi kuɗin kaya zai gama a yini ɗaya. Ni ina cikin masu cewa a ba da shinkafar, a kuma rubuta takardar.